Jawabi ga Hakiman Ƙasar Haɗeja da Malamansu a kan Taimakon Iyalan Masu Shan Ƙwaya

Abin da ya kawo ni gabanku yau maganar shan ƙwaya ce. An sha yi muku bayani a kan mashayi da mai sayar masa, saboda haka yau zan yi magana a kan waɗanda ke kwana gida ɗaya da shi, watau uwa da uba da mata da 'ya'ya, har da abokai. Su ne ke ɗauke da nauyin, amma ba safai akan tuna da su ba.

A farkon shekarar 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. An samu mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi shaye-shaye cikin shekara guda a Nijeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma, inda Jigawa take. Cikin kowane mutum huɗu kuwa, ɗaya mace ce. To, kowane ɗayansu yana da gida, ku duba yawan gidajen da abin ya shiga.

Kun fi ni sanin yadda abin ke farawa a nan fadamar Kogin Haɗeja. Lokacin dashe da yankan shinkafa aiki yakan yi yawa, sai yaro ɗan ƙwadago ya sha tiramol don kada ya ji gajiya. Sannu a hankali jiki ya saba, abin da ya ishe shi jiya ba ya isarsa yau. In ya bari, sai ciwon gaɓoɓi da gumi da rashin barci su taso masa, in kuma ya zarce da sha, farfaɗiya tana iya kama shi. Ganin irin wannan ɓarna ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Saboda haka wanda ƙwaya ta kama marar lafiya ne, duka da zagi ba su warkar da shi.

Mutanen gida kuwa kunya ce ke rufe musu baki. Uwa takan sayar da akuyarta a ɓoye ta biya bashin ɗanta. Uba yakan wayi gari ya ga babu buhun iri ko injin ban ruwa, ya haɗiye maganar don kada a ƙi auren 'ya'yansa mata. Mata ta yi yaji ta dawo, ta sake yi. In abin ya kai maƙura, sai a ɗaure yaro ko a kai shi gidan mari. Kun tuna a shekarar 2019 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don sun rasa wanda za su yi shawara da shi.

Wasu ƙasashe sun riga mu neman mafita. A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashayan giya biyu suka soma haɗuwa suna ƙarfafa wa juna gwiwa don su bari. Matar ɗaya daga cikinsu, Lois Wilson, ta lura su ma matan suna bukatar nasu zaman. A 1951 ita da wata ƙawarta suka kafa ƙungiyar iyalai mai suna Al-Anon, wadda ta bazu a ƙasashe fiye da 100. Abin da suke koya wa juna shi ne mutum ya daina ɗora wa kansa laifin shan da wani ke yi, ya san ƙarfi ba ya hana sha, magani kuma aikin likita ne. Abin da ya rage gare shi shi ne ya tsare lafiyarsa da ta yara, ya daina ba da kuɗin da ya san ƙwaya za a saya, amma kada ya yar da ɗan'uwansa. Mu ma Hausawa mun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ga abin da muke roƙonku, daga Auyo da Kafin Hausa har Guri da Birniwa:

1. Kowane Hakimi ya nemi ɗaki a asibitin gunduma ko makaranta inda iyalai za su riƙa zama sau ɗaya a mako. Kada a yi a zauren Hakimi, domin wanda ya ji kunyar maƙwabcinsa ba zai yi magana gaban sarauta ba.

2. Mata su yi zamansu dabam, wata dattijuwa ko ma'aikaciyar lafiya ta shugabance su. Dagatai da masu unguwa su roƙi mazaje su ba su izinin zuwa.

3. Abin da aka faɗa a zaman amana ne. Malamai, ku rubuta rana da yawan waɗanda suka zo, amma kada ku rubuta sunan kowa. Ran da suna ɗaya ya fita, daga ranar zaman ya watse.

4. Kada a karɓi ko kwabo, kada kuma a mai da wurin majalisar shari'a ko siyasa. Kowa ya faɗi abin da ya same shi da yadda ya yi, sauran su saurara.

5. Wanda ya yarda a yi masa magani, a kai shi Babban Asibitin Haɗeja, likita ya duba shi, in ta kama a tura shi Kazaure ko Dawanau ta Kano. A gaya wa iyali cewa mai jinya yakan koma sha bayan ya bari, wannan ba dalilin fid da rai ba ne.

6. Maganar masu sayarwa a kai ta ga hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 don wannan aiki. Amma kada uwar da ta zo neman taimako ta koma gida ta tarar an kama ɗanta saboda abin da ta faɗa.

Ranku ya daɗe, lokacin ambaliyar 2020 da ta 2022 mutanen ƙasar nan sun fita dare da rana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga, ba wanda ya ce ruwan gidan wane kaɗai ya nufa. Wannan ma haka yake. In kun koma, ku tara dagatai da limamai ku karanta musu wannan takarda, a sa ranar zaman farko kafin yankan shinkafa mai zuwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Haza wasalam.