Tsakanin runfar zaɓe da garin Gure: wa ke biyan kuɗin mota?

 

Bayanin yau ya shafi halin da ƙuri'a ke shiga bayan an jefa ta cikin akwati. Idan aka ambaci maguɗi, hankalin jama'a yakan tafi ga mutumin da ya jefa ƙuri'a sau biyu, ko wanda aka danƙa wa jika guda da sabulu a bakin runfa. Waɗannan suna nan, ba a musu. Amma a ƙasa irin ta Gure, babbar ɓarna takan auku ne a kan hanya, tsakanin runfar zaɓe da ofishin da ake tattara sakamako, kuma wanda ke da kuɗin mota shi ke da ido a kan wannan hanya.

Sai a fara duba ƙasar kanta. Garin Gure yana kan babbar hanyar Damagaram zuwa Difa, kilomita 160 da ɗoriya gabas da birnin Damagaram. Kafin a yanke Tasker a mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙasar da ake mulka daga Gure ta fi ƙasar Togo faɗi. A kudu akwai manoman Bune da Gidigir da masu kwari na kanwa da dabino. A tsakiya akwai Kelle da Gamu da Alakos. A arewa kuwa sai rairayi har duwatsun Termit, inda Tubawa da Larabawa da Fulani da Buzaye ke bin rijiyoyi da dabbobinsu. Da an sauka daga kwalta, sai kat-kat ko raƙumi. Akwatin da aka kai bakin wata rijiya ta arewa, sai ya kwana a hanya kafin ya dawo.

Tun zaɓen farko na jam'iyyu da yawa wannan ƙasa ta nuna wuyarta. Bayan Taron Ƙasa na 1991 da tsarin mulkin da aka amince da shi ranar 26 ga Disamba 1992, an yi zaɓen ƴan majalisa ranar 14 ga Fabrairu 1993, ana neman kujeru 83. Takwas daga cikinsu an keɓe su ne domin al'ummomin da yawansu bai kai su samu wakili ba idan aka haɗa su da sauran jama'a, kuma Tasker na cikin waɗannan mazaɓu na musamman. Sakamakon Tasker bai tsaya ba: an soke shi, aka sake zaɓe ranar 11 ga Afrilu 1993. Wanda ya ci shi ne ɗan takarar PNDS-Tarayya, Mohamed Bazoum, malamin falsafa da ya tashi a Tasker, ya yi lokol a Gure. Abin yabo a nan shi ne, a wancan karo doka ta yi aikinta: an ga aibi, an soke, an sake, kowa ya karɓa.

Shekara uku kacal bayan haka aka ga akasin wannan. Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da shugaba Mahamane Ousmane ranar 27 ga Janairu 1996, sannan ya tsaya takara a zaɓen 7 da 8 ga Yuli. Ana cikin tattara sakamako sai ya rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ya naɗa wata da ake kira CNE, aka kuma yi wa abokan takararsa huɗu ɗaurin talala a gidajensu. Sabuwar hukumar ta ba shi kashi 52 cikin ɗari tun zagayen farko. Makiyayin da ya baro garkensa ya yi wuni a layi, babu wanda ya hana shi jefa ƙuri'a. Lissafin aka karɓe daga hannun masu lissafi.

Zaɓen 7 ga Fabrairu 1999 ya fi kusa da zuciyar talaka, domin shi ne na majalisun jihohi da gundumomi da na gari, wato na mutanen da za su riƙe kasuwa da rijiya da harajin dabbobi. Da alamu suka nuna ƴan adawa na gaba, sai aka auka wa wuraren tattara sakamako a sassa da dama na ƙasa, aka lalata takardu. Ranar 7 ga Afrilu Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a wurare masu yawa. Kwana biyu bayan nan aka kashe Bare a filin jirgin sama na Yamai. Garuruwa ba su samu zaɓaɓɓun majalisu ba sai a Yulin 2004.

To, ina kuɗi ya shigo? Kafin a rushe jam'iyyu, doka ta ba kowace jam'iyya ikon ajiye wakili a kowace runfa, ya ga ƙidaya, ya sa hannu a takardar sakamako, wadda ma'aikatan zaɓe ke kira PV. Wannan takarda ita ce shaidar da kotu ke saurare. Amma wakili mutum ne: sai an kai shi, an ciyar da shi, an dawo da shi, kuma sai ya iya karatu. A Yamai babur ya isa. A arewacin Gure sai hayar kat-kat, da gangunan mai, da direban da ya san rairayi. Jam'iyyar da ba ta da wannan ƙarfi takan bar runfuna babu ido, daga baya ta yi kukan an cuce ta, alƙali ya tambaye ta takarda, ta rasa. Kukan na iya zama gaskiya, yana iya zama ƙarya. Rashin wakili ya sa babu mai iya rarrabewa.

Haka ma ma'aunin ƙarfin ɗan takara. A ƙasashen Turai akan sa masu tambaya su auna ra'ayin jama'a kafin zaɓe. A karkarar Nijar ma'aunin shi ne cikar fili ranar taron kamfe, shi kuwa fili manyan motoci ke cika shi. Akan ɗebo mutane daga ƙauyuka, a raba turamen zane masu hoton ɗan takara, da shayi da sukari, a sallami makaɗa da maroƙa, a kai gaisuwa ƙofar mai gari. Sau da yawa fuskokin da aka gani yau a taron wannan jam'iyya su za a gani jibi a taron waccan, kuma babu mai ganin laifinsu: kakar zaɓe ita ce lokacin da mutumin birni ke tunawa da su.

Kuɗin nan ba daga katin ƴan jam'iyya yake fitowa ba. Mafi yawansa daga manyan ƴan kasuwa ne, su kuwa ba sadaka suke yi ba. Bashi ne da ake biya bayan an hau, da kwangilar gwamnati da sassaucin duwan. Dokar jam'iyyu ta 2010 ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa: ta ware wa jam'iyyu tallafi daga harajin ƙasa, ta kuma wajabta musu kai lissafinsu kowace shekara gaban kotun binciken kuɗin ƙasa. Rahotannin kotun sun sha nuna cewa yawancin jam'iyyu ba sa kaiwa. A zaɓen 2020 kuɗin ajiya kaɗai na mai neman shugabanci ya kai miliyan 25 na sefa, tun bai sayi litar mai ko ɗaya ba.

Gardamar 2016 kan zaɓe ta hanyar shaidu, inda mutum biyu ke tsaya wa wanda ba shi da takardar shaida, ita ma a irin wannan ƙasa ta fi nauyi. Makiyayi da yawa ba su da takardar haihuwa, hana su zaɓe zalunci ne. Amma a runfar da wakilin jam'iyya ɗaya kaɗai ya iso, wa zai shaidi shaidun?

Zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021 ya haɗa mutum biyu da jihar Damagaram ta sani sarai: Bazoum na Tasker da Mahamane Ousmane na birni. Kotun tsarin mulki ta ba Bazoum kashi 55,66 cikin ɗari, Ousmane ya ƙi amincewa, ya ce shi ya ci, kuma yawancin ƙorafin ɓangarensa ya faɗa kan runfunan yankunan makiyaya masu nisa. Sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun gari da na jihohi a Afrilun 2024, aka rushe jam'iyyu a Maris 2025.

Duk ranar da aka sake kafa dokar zaɓe, mutanen Gure suna da abubuwan nema da suka fi alkawarin ɗan takara amfani. A liƙa sakamakon kowace runfa a ƙofarta tun daren ƙidaya, a buga shi runfa-runfa yadda malamin lokol na Kelle zai iya gwada abin da ya gani da abin da aka faɗa a rediyo. Motar hukuma da ke kai akwati ta ɗauki wakilan dukan jam'iyyu, zuwa da dawowa. Jam'iyyar da ba ta nuna inda ta samu kuɗi ba, kada a karɓi takardun ƴan takararta. Wayar salula ta rage nisan da ya wahalar da mutanen 1993, domin hoton PV na iya riga akwati isa Gure, muddin an bar wakili ya ɗauka, kuma akwai layi a bakin rijiyar.