Karatun Yara Cikin Watannin Kaka

Jawabi ga iyayen yara na ƙasashen Goronyo da Wurno da Raba

Kowa ya sani a cikin watan Satumba ake buɗe makarantun firamare, a shiga zangon farko, ba a tashi sai Disamba. Kowa kuma ya san wannan shi ne lokacin da aiki ke kama manomi ta kowane gefe. Ga girbin gero, ga roron wake, ga dawa ta nuna, ga shinkafa a fadamar Gulbin Rima tana jiran lauje. Saboda haka sau da yawa uba yakan ce wa ɗansa ya bar makaranta tukuna, in an kai amfani gida ya koma. Ya kamata a san abin da yaron nan ke rasawa.

Abin da ake fara koya wa ɗan aji ɗaya shi ne riƙon fensir da sanin haruffa. Malam yakan soma da wasula biyar, watau a, e, i, o, u. Sa'an nan ya kawo baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, ya gama su da wasula, yara su riƙa faɗin ba, bi, bu. Daga nan sai a haɗa gaɓa biyu ta zama kalma. A nan ne yaro ke gane bambancin k da ƙ mai lanƙwasa, har ya raba kafa da ƙafa, ya raba baki da baƙi. Kowane harafi bisa na jiya ake ɗora shi. Wanda ya yi mako uku a gona, in ya komo sai ya tarar 'yan'uwansa suna karanta kalmomi, shi kuwa ko baƙin bai sani ba. Sai kunya ta kama shi, ya koma bayan aji ya yi shiru. Irin wannan yaro ne ake gani ya kai aji huɗu bai iya rubuta sunansa ba, a ce wai ba shi da kai, alhali kuwa tun kaka aka bar shi a baya.

Lissafi ma haka yake. Da tsakuwa da karan dawa ake fara ƙidaya. In karare sun cika goma sai a ɗaure su wuri ɗaya, kamar yadda ake ɗaure dami, yaro ya gane ɗauri biyu da kara uku su ne 23. Wannan shi ne tushen tarawa da ɗebewa da 'yan aji biyu da uku ke yi. Wanda ya riƙe shi, ranar da ya kai buhun albasa kasuwar Goronyo ba mai cutarsa wajen kuɗi.

Banda waɗannan akwai Turanci, da addini, da tsabta. Ana nuna musu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ana kuma gaya musu sauro ne ke kawo zazzaɓin da ke kwantar da yara a ƙarshen damina.

Neman ilmi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, shi kuwa malami ne mai littattafai masu yawa. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta aika jajis ƙauyuka suna karantar da mata, don haka ba hujjar tsare 'ya mace a gida. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba, malamin makaranta ne a Midil ta Sakkwato kafin ya zama hakimin Raba a 1934. Dokar da aka yi a 2004 kuma ta ce ilmin shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne ga kowane yaro.

Ba a ce yaro kada ya taimaki iyayensa ba. Akwai yamma bayan an tashi, akwai Asabar da Lahadi. Safiyar Litinin zuwa Jumma'a kaɗai ake roƙo a bar wa malam. Gero in an bar shi kwana biyu manya sa iya ƙarasa shi, amma darasin da ya wuce yaro ba mai komo masa da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da abin da aka ji, amin.