Ganin gari a cikin adaidaita

Ga jawabin da aka shirya domin masu karatu a makarantun yaƙi da jahilci na Matamaye da ƙauyukan ƙasar Kance.



Bayan an gama aikin gona, mutane da yawa suna zuwa Damagaram. Wani zai kai kaya kasuwa, wani zai kai maras lafiya likita, wani ganin dangi zai je. Daga Matamaye zuwa can wajen kilomita 90 ne, ta hanyar Takeita. In mutum ya sauka tasha, zai ga wani abin hawa mai ƙafa uku yana kai da kawowa. Shi ne adaidaita.

Daga ina ya fito?

Yawancinsu a ƙasar Indiya ake ƙera su. Kamfanonin da suka fi suna su ne Bajaj da TVS. A manyan biranen Indiya, kamar Delhi da Jaifur, shi ne motar talaka. Baƙi masu yawon buɗe ido ma shi suke hawa, su zaga tsofaffin fadoji da masallatai da kasuwanni, don yana shiga lungun da mota ba ta shiga.

Sunan kuwa daga Kano ya zo. Zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011, an yi wani shiri na gyaran hali mai suna "A Daidaita Sahu". A lokacin ne gwamnati ta kawo waɗannan kekuna don mata su samu abin hawa na mutunci. A 2013 aka hana acaɓa ɗaukar mutane a cikin birnin Kano, sai adaidaita ya yawaita. Yau ga shi a Maraɗi, ga shi a Damagaram.

Me za a gani?

Wanda ya gama abin da ya kai shi, kada ya koma gida bai ga gari ba. Gani ya kori ji.

Ya fara da Birni. A nan fadar Sarkin Damagaram take, da tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a bango, da manyan duwatsu. Zai ga sauran ganuwar da Sarki Tanimun ya gina. Wannan sarki ya rasu a 1884. A 1899 sojan Faransa suka shiga garin. Damagaram ce babban birnin ƙasar Nijar har 1926, sa'an nan aka mai da shi Yamai.

Daga nan sai Zango, inda ayarin raƙuma na Abzinawa suke sauka a da. Ya ƙare da kasuwar Dole, ya ga aikin dukawa, ya tambayi kuɗin gero da wake da gyaɗa, ya gwada da na kasuwar garinsu.

A yi ciniki kafin a hau

A wasu biranen Indiya akwai agogon da ke lissafa kuɗin tafiya. A nan babu shi, baki ne agogo. Don haka mutum ya faɗi inda za shi, ya ji kuɗin, su shirya, sa'an nan ya hau. In shata zai ɗauka ta zaga gari, su ƙidaya wuraren da za a tsaya tun da farko. Kada ya biya duka sai an dawo.

A nan ne karatu yake rana. Lambar da ke jikin kuɗi dabam, abin da baki ke faɗi dabam. Inda aka rubuta 100, dala 20 ce. Inda aka rubuta 500, dala 100 ce. Inda aka rubuta 1000, jika ce, watau dala 200. Misali, an yi ciniki dala 60, mutum ya ba da ta 500: canjinsa dala 40. Wanda ya iya wannan lissafi ba a cin kuɗinsa, shi ma ba ya zargin mai gaskiya.

Kowane adaidaita yana da lamba a jikinsa. A karanta ta, a rubuta a takarda. In an manta kaya a ciki, da lambar za a je wajen ƴan sanda ko shugabannin tasha. Wanda ya ce "wani mai ruwan ɗorawa ne" bai faɗi kome ba, don irinsa ba su ƙidayuwa.

A tsare rai

Ƙafa uku ba ta kai huɗu zama daram ba. In kaya sun yi yawa, ko direba ya sha kwana da gudu, sai ya kife. Kujerar baya ta mutum uku ce, kada a yarda a cusa biyar. A sa yaro a tsakiya, a riƙe shi. Mata su tattara hijabi da bakin zane, maza su naɗe babbar riga, don babu ƙofa. A sauka ta hannun dama, nesa da motoci. In direba yaro ne ƙarami, ko yana gudun banza, a ce ya tsaya a sauka. Asarar dala 20 ta fi karayar ƙafa kusa da damina.

In an dawo gida, a zo makaranta a rubuta abin da aka gani, a karanta wa waɗanda ba su je ba. Malami zai aiko da shi a buga a jarida.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.