Daga Gidan Niƙa Zuwa Nasara 408: Tafiyar Koci Eddie Robinson



Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan yadda mutum yake hawa matakan aikinsa, sai na ga ya fi amfani in kawo tarihin mutum guda tun daga farkon aikinsa har ƙarshe. Mutumin kuwa ba ɗan ƙasarmu ba ne, wasan da ya koyar ma ba irin namu ba ne. Sunansa Eddie Robinson, baƙar fatar Amurka, wanda ya horar da ƙungiyar ƙwallon kwaleji guda ɗaya tak daga 1941 zuwa 1997.

Kafin in yi nisa, bari in share fage. Abin da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa ya bambanta da wanda yaranmu suke bugawa. Ƙwallon tasu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa, 'yan wasa kuma suna sanye da hular kwano saboda karo. A can, wasannin jami'o'i babban al'amari ne, har akwai filayen da suke cin 'yan kallo fiye da 100,000. Hanyar da yawancin masu horarwa suke bi ita ce su fara a matsayin ƙaramin mataimaki, su yi ta ƙaura daga wannan makaranta zuwa waccan, har su kai ga babbar kujera. Nick Saban, wanda ya ci kofin ƙasa sau 7, haka ya yi: ya fara a Kent State, ya zama shugaban masu horarwa a Toledo a 1990, ya ratsa ta wasu wurare, kafin ya zauna a Alabama daga 2007 zuwa 2023.

Robinson bai sami wannan hanya a buɗe ba. An haife shi a 1919 a jihar Luwiziyana. Mahaifinsa yana noma gonar wani ne a raba amfani, mahaifiyarsa kuma tana aikatau a gidaje. A wancan zamani dokar wariyar launin fata ta raba makarantun farare da na baƙaƙe a kudancin Amurka. Ya gama Kwalejin Leland a 1941, amma aikin da ya samu shi ne leburanci a gidan niƙa abincin dabbobi a birnin Baton Rouge. Daga nan ne shugaban wata ƙaramar makarantar horar da malamai ta baƙaƙe da ke ƙauyen Grambling, mai suna Ralph Jones, ya ɗauke shi aikin koci yana da shekara 22.

Ku dubi abin da ya tarar. Babu mataimaki, babu kayan aikin kirki. Shi yake shata layukan fili, shi yake ɗaure wa 'yan wasa idon sawu, in an tashi wasa kuma shi yake rubuta labarin ya aika wa jaridu. Ban da wannan, yana horar da 'yan ƙwallon kwando. A kakar farko wasa 3 kawai ya ci. To amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: a 1942 yaransa suka ci dukkan wasanninsu 9, ba tare da an ci su ko maki ɗaya ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da wasa a 1943 da 1944, sai ya koma horar da 'yan sakandaren garin har abubuwa suka daidaita. Bai kuma yar da karatunsa ba, domin a 1954 ya sami digiri na biyu a Jami'ar Iowa.

Abin da tsofaffin ɗalibansa suka fi tunawa shi ne ƙararrawa. Da sassafe yakan bi ɗakunan kwana yana kaɗa ta, don kowa ya tashi ya karya kumallo ya tafi aji. A wurinsa, yaron da aka damƙa masa amana ne, takardar shaidar kammala karatu kuma ta fi kofi.

Sannu a hankali sunan ƙauyen ya fita. A 1949 ɗalibinsa Paul Younger ya shiga babbar gasar ƙwararru ta NFL, shi ne na farko daga kwalejojin baƙaƙe da ya yi haka. Bayansa fiye da 200 suka bi. A 1985 Robinson ya ci wasansa na 324, ya wuce Bear Bryant na Alabama wanda yake riƙe da kambun yawan nasara. A 1988 wani ɗalibinsa, Doug Williams, ya zama baƙar fata na farko da ya ci wasan ƙarshe na Super Bowl a matsayin mai jefa ƙwallo, wato jagoran 'yan gaba.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ɓangaren da ba shi da daɗi ba. Da manyan jami'o'in kudu suka buɗe ƙofa ga baƙaƙe a wajajen 1970, zaratan yara suka fara tafiya inda kuɗi da kayan aiki suke, ƙananan kwalejoji suka rasa su. Shekaru kuma suka ja wa Robinson. A kakarsa 3 ta ƙarshe, wasannin da aka cinye shi sun fi waɗanda ya ci, har wasu suka nemi ya sauka tun a 1996. An bar shi ya ƙara shekara guda, ya ajiye aiki a 1997 da nasara 408, rashin nasara 165, kunnen doki 15. Ya rasu a 2007. Ko gwani yana da lokacin sauka, kuma wanda ya daɗe a kan kujera shi ya fi shan wahalar ganin lokacin.

Amma ku ji wanda ya gaje shi. Doug Williams ne, wanda ya riga ya yi suna a manyan birane, ya dawo Grambling a 1998 ya karɓi aikin malaminsa, ya kuma ci kofin yankinsu a 2000 da 2001 da 2002.

A nan ne maganar ta taɓa mu. Yawancinmu da muke zaune a wannan zaure hanyar Saban muka bi: mun bar gida, muna ƙaura daga ofis zuwa ofis, daga birni zuwa birni, kuma babu laifi a cikin haka. Sai dai kowannenmu yana da nasa Robinson, wato malamin da ya zauna a gida shekara da shekaru, ya shata mana fili da toka, ya tashe mu da ƙararrawa. Wasunsu suna nan da rai. Yaushe rabonmu da mu je mu gaishe su? Idan kuma suka ajiye alli, wa muka tanada ya karɓa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.