Wa Ke Riƙe da Uwar Waƙa?

 

Na daɗe ina jayayya da wasu daga cikin malaman da ke zaune a sahun gaba. Da an taɓo 'yancin mawaƙin Hausa sai su ruga Kano wajen Hukumar Tace Fina-finai, su kawo ɗaurin Adam A. Zango a 2007 da kamun Aminu Ala a 2009. Duk mun san waɗannan. Amma hukuma takan zo ne bayan waƙa ta fita. Wanda ya dame ni shi ne mutumin da ke zaune a situdiyo tun kafin a ɗora murya a kan kiɗa, wanda ya biya kuɗin aikin, yake cewa a cire wannan baiti a sa sunan wane.

Akan ce mini rigimar mawaƙi da kamfani ta Legas ce. Can ne Brymo ya shiga shari'a da Chocolate City a 2013, can ne Kiss Daniel ya rabu da G-Worldwide a 2017 har ya koma Kizz Daniel. Mu, wai, ba mu da kamfanoni. To me za mu kira furodusan fim, da dillalin Ƙofar Wambai a zamanin kaset, da mai tashar YouTube, da ɗan siyasa? Aikin kamfani suke yi, takarda ce kawai babu. Na Legas ma da sauƙi, yana da abin da zai nuna wa alƙali.

Ga inda nake son mu tsaya. Makaɗin zamanin da yana da ubangida, ba wanda ya musa. Ana ba shi riga da doki, daga baya mota da kujerar Makka. Amma waƙar tana bakinsa. Mamman Shata yakan sauya baiti daga wannan dandali zuwa wancan, kuma wanda ya raina shi ya san zambo na jiransa. Haruna Uji na Haɗeja, in ya rataya gurminsa ya tashi, ya tafi da dukiyarsa gaba ɗaya. Ubangida na iya hana kyauta, amma ba shi da wurin da zai kulle waƙar.

Yau akwai wurin. Asalin ɗaukar da ke cikin kwamfutar situdiyo, murya daban kiɗa daban, ita nake kira uwar waƙa. Wanda ke riƙe da ita shi ne zai yanke, ya ƙara, ya ɗora wata murya, ya saki waƙar ko ya danne ta shekara biyu. Wani yaro daga wajen Kiyawa ya zo ofishina da ƙorafi. Ya rubuta waƙa a kan mahaifiyarsa, ya sayar wa wani furodusa, kuɗi hannu, ba shaida ba rubutu. Da ta fito sai ya ji an cire baitocin uwar, an mayar da ita waƙar saurayi da budurwa don ta dace da fim, sunansa ma babu. Na tambaye shi ina uwar waƙar. Bai ma san ana karɓa ba. A kasuwar Shuwarin ya biya masu turi suka sa masa tasa waƙar a waya.

Kada ku ɗauka ƙauyanci ne ya jawo masa. Prince, da duk shahararsa a Amurka, sai da ya ajiye sunansa a 1993 yana faɗa da Warner a kan wannan magana. Taylor Swift kuwa sake rera tsofaffin waƙoƙinta ta shiga yi, tana sakin su daga 2021, saboda a lokacin uwayen suna hannun wasu.

Masu cewa mai kuɗi ya yi kasada, dole a ji maganarsa, na ji su. Ya ci ribarsa. Kasada ba ta ba shi izinin sauya wa mutum magana a baki ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce, ta kuma ba mai aiki damar neman a ambaci sunansa da ƙin yarda a jirkita masa aiki. Mawaƙa nawa ne a Dutse aka taɓa karanta wa wannan da Hausa?

Abin da nake nema tun da daɗewa bai sauya ba. Ƙungiyar lauyoyi reshen Dutse ta zauna da mawaƙa a fitar da yarjejeniya mai shafi biyu da Hausa, wadda za ta faɗi wanda zai riƙe uwar waƙa, na shekara nawa, da wanda ke da ikon taɓa baiti. Rediyon Jigawa ya riƙa ambaton marubucin waƙa kafin a sa ta. Sashen Hausa na jami'o'inmu kuma ya buɗe ma'ajiya, mawaƙi ya kawo kwafin aikinsa a rubuta masa ranar da ya kawo. Zaɓe na tafe, kuma 'yan siyasa sun fi kowa sayen waƙa da baki, don haka ina roƙon shugaban taro ya sa mana ranar zaman farko kafin mu tashi.