Ginshiƙan Da Ido Ba Ya Gani: Bayani Kan Harsashin Gadarmu



Kwamitin aikin gada ya ɗora mini nauyin amsa ƙorafin da ya fi yawa daga rassanmu na birane. Ana cewa an tara kuɗi, an ce aiki ya yi nisa, amma wanda ya zo gida hutun salla ya je bakin rafi bai ga komai ba sai kawunan kankare da tsinin rodi sun leƙo daga ƙasa. Ni dai ba injiniya ba ne, alli na riƙe har na yi ritaya. Sai dai na zauna da injiniyan aikin, wanda a da ni na koya masa lissafi, yanzu kuma shi ya zaunar da ni ya koya mini, kuma abin da na fahimta shi zan gabatar muku.

Duk mun tuna kwalbatin da aka taɓa yi mana a wannan mashigi. Siminti bai yi masa kaɗan ba. Abin da ya kayar da shi shi ne an ɗora shi a kan yashi da laka, harsashinsa bai kai tsayin mutum ba. Lakar fadama takan kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ruwa kuma idan ya zo da ƙarfi yakan rarake gindin duk abin da ya tare masa hanya. Da ya kwashe yashin da ke ƙarƙashi, sai kwalbatin ya durƙusa da kankarensa lafiya lau.

Saboda haka a wannan karo aka zaɓi a haƙa rami mai zurfi kamar rijiya, a zura masa kwandon rodi, a cika shi da kankare, ya zama ginshiƙi a tsaye cikin ƙasa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ganin mahaƙan rijiya. A birnin Shikago na Amurka, tun shekarun 1890 da hannu ake haƙa irin waɗannan ramuka, ana tokare bangonsu da katako da zoben ƙarfe har a iske ƙasa mai tauri. Yau inji ne ke yi, yayan injin burtsatse, mai haƙa rami da faɗinsa kan kai mita 1 ko fiye.

Wahalar tana wajen ruwa. A bakin rafi rami ba ya tsayawa, yashi zubowa yake yi. Don haka ake kafa bututun ƙarfe mai faɗi a sama, ko a cika ramin da kunun wata laka da ake kira bentonait, nauyinta ya riƙe bangon. Kankare kuwa ba a kwarara shi daga sama, domin ruwa zai wanke simintin ya bar tsakuwa. Ana zura dogon bututu mai mazurari har gindin ramin, kankaren ya riƙa fitowa daga ƙasa yana turo ruwa da laka zuwa sama. Sharaɗi shi ne bakin bututun kada ya fita daga cikin kankaren, zubin kuma kada ya yanke. Idan mota ta makara aka tsaya, ko aka ɗaga bututun fiye da kima, laka za ta shiga tsakani ta raba ginshiƙin biyu, a wurin da babu idon da zai gani. Waɗanda suka ga ana farfasa kan ginshiƙan suka ce ɓarna ce, su kwantar da hankalinsu: kankaren da ya fara tasowa gurɓatacce ne, dole a sare shi a iske mai kyau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ginshiƙin ke ɗaukar kaya. Na ɗauka a kan gindinsa yake tsaye, kamar azara a kan bango. Ashe hanya biyu ce. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tuge turken doki ya san ba tsininsa ke riƙe shi ba, ƙasar da ta rungume jikinsa ce. Haka ginshiƙin nan yake: idan aka aza masa nauyi, riƙon da ƙasa ta yi wa jikinsa shi ke fara karɓa, kuma yakan kai iyakarsa tun ginshiƙin bai nutse santimita 1 ba. Gindi kuwa ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai an sauka kimanin kashi 5 cikin 100 na faɗin ginshiƙin, wato santimita 5 ga mai faɗin mita 1, wani lokaci ma fiye. To, idan aka bar taɓo a gindin ramin ba a kwashe ba, ranar da jiki ya gaza aka nemi taimakon gindi, sai a tarar katifa aka taka. Benen Burj Khalifa na Dubai, mai tsayin mita 828, wanda aka buɗe a 2010, a kan irin waɗannan ginshiƙai kusan 200 yake zaune, kowanne faɗinsa mita 1.5, zurfinsa wajen mita 50, kuma riƙon jiki ne ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa. Ba beni muke ginawa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Gada tana da ƙarin abokin gaba, wato ambaliya, wadda ke tunkuɗar ginshiƙi ta gefe da itatuwan da ta kwaso. Aikin rodi ke nan. Sannan injiniya ba ya lissafa riƙon ƙasar sama da ruwa zai iya rarakewa, sai abin da ke ƙasa da ita. Shi ya sa zurfin ya zarce yadda wasunmu suka zata.

Akwai shawarar da na ji tana yawo, cewa a soke kuɗin gwaji a sayi siminti da su, don a ga gada ta tashi kafin taron baɗi. Ina roƙon wannan zaure kada ya amince. Gwajin ba mai yawa ba ne. Akwai wanda ake ƙwanƙwasa kan ginshiƙi da guduma, na'ura ta saurari amon da ya dawo, ta nuna ko akwai tsaga ko rami a ciki. Akwai kuma wanda ake danna ginshiƙi guda da nauyin da ya wuce wanda zai ɗauka, a auna nutsewarsa. Da zarar an ɗora bene a kai, ƙofar wannan bincike ta rufe, kuma motocin hatsi da 'yan makarantarmu ne za su zama ma'auni.

Ina kuma ba da shawarar kowane reshe ya turo wakili a ranar zubin ginshiƙan da suka rage, ya ga an auna zurfi da igiya a gabansa, ya ƙirga motocin kankare, ya sa hannu a littafin aiki. Littafin yana wurin sakatare, duk mai son dubawa ya same shi bayan an tashi.