Magini a Gasar Olamfik: Rayuwar John B. Kelly da Makomar 'Yan Wasan Kafur



Takardata a kan wani Ba'amurke ce, John B. Kelly, wanda aka haifa a birnin Philadelphia a 1889, ya rasu a 1960. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Ireland. Tun yana saurayi ya zama yaron magini a kamfanin wansa Patrick: yini yake yana jera bulo, idan an tashi aiki ya nufi kogin Schuylkill ya koyi tseren kwalekwale.

A 1920 ya nemi shiga gasar Henley ta Ingila, aka ƙi karɓar sa. Akwai tsohuwar taƙaddama tsakanin masu gasar da ƙungiyarsa ta Vesper, akwai kuma dokar da ta haramta gasar ga duk wanda ya taɓa aikin ƙarfi don a biya shi lada. Wato laifinsa kanta a tafin hannu. A shekarar nan, a gasar Olamfik ta Antwerp, ya kayar da Jack Beresford, Baturen da ya lashe Henley ɗin, ya ɗauki zinare. A ranar kuma ya sake shiga ruwa da ɗan'uwansa Paul Costello suka ƙara wani, a 1924 suka maimaita a Paris.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bai taɓa raina ginin ba. Ya buɗe kamfanin kwangilar bulo da sunansa, sunan da wasa ya riga ya tallata masa, har ya zama hamshaƙin attajiri. 

Mu dawo gida Kafur. Da an cire amfanin gona, an kai masara da auduga kasuwannin Funtuwa da Malumfashi, filayen makarantunmu kan cika da 'yan ƙwallo, wasu ba ko takalmi, wasu kuma suna dandalin dambe. Kowa na hango Garba Lawal da Tijjani Babangida, 'yan Kaduna da suka ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Burin ya halatta, ina kuma goyon bayansa. Sai dai ƙarfi aro ne. Gwiwa ɗaya ta goce, shi ke nan, yaron da ya watsar da fartanya da makaranta ya dawo zaman kashe wando. Wannan yana ci mini rai.

Don haka ina roƙon ƙaramar hukumar Kafur da masu ɗaukar nauyin kofuna: kada a yi wa ƙungiya rajista sai kowane ɗan wasa yana makaranta ko yana da maigidan da yake koyon gini, walda ko kafinta a wurinsa. A cikin kyautar zakara kuma a haɗa da kayan aikin sana'arsa.